Daga Miƙaƙƙen Layi Zuwa Tsari Mai Motsi: Tarihin Fahimtar Canji a Warkarwa Ta Tonon Zuci

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata tambaya guda wadda ta daɗe tana ci wa masana halayyar ɗan'adam tuwo a ƙwarya, watau: idan mutum mai damuwar zuciya ya yi ta zama da likita suna magana har ya sami sauƙi, mene ne ainihin abin da ya canza shi, kuma ta wace hanya canjin ya zo? Za a taƙaita bayani ga hanyar warkarwa da Sigmund Freud ya kafa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wadda Turawa ke kira saiko'analisis. A nan za mu kira ta tonon zuci, domin aikinta shi ne tono abin da ya nutse a ƙarƙashin zuciya har mai shi bai san da zamansa ba.

Abin da takardar za ta nuna shi ne, kowane zamani na masu tonon zuci ya ari hoton canji daga kimiyyar da ke tashe a lokacinsa, kuma wannan hoto shi ke gaya wa likita inda aikinsa ya tsaya. Freud ya ari nasa daga kimiyyar ƙarfi da injuna ta ƙarni na 19. Waɗanda suka zo a ƙarshen ƙarni na 20 sun ari nasu daga ra'in tsari mai motsi. Bambancin hotunan biyu ba ƙaramin abu ba ne ga majinyaci, domin a kansa ne likita zai yanke hukunci idan al'amari ya rikice a tsakiyar jinya: shin magani ne ya ƙi, ko kuwa canji ne ke ƙwanƙwasa ƙofa?

2.0 Hoton Farko: Zuciya a Matsayin Tukunyar Tururi

Daga 1876 zuwa 1882 Freud ya yi aiki a ɗakin binciken Ernst Brücke. Shi kuwa Brücke abokin tafiyar Hermann Helmholtz ne, wanda a 1847 ya bayyana ƙa'idar da ke cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Wannan tarbiyya ta bi Freud har ƙarshen rayuwarsa. A littafin da suka wallafa tare da Josef Breuer a 1895 a kan ciwon da ake kira histiriya, sun ɗauka cewa wani abin baƙin ciki ko tsoro da mutum ya haɗiye, bai furta ba, yana nan danƙare kamar tururi a tukunyar da aka toshe, sai ya nemi mafita ta jiki: shanyewar hannu, ko tari, ko ɗaukewar murya. Magani ke nan a buɗe murfi. Majinyaci ya tuna abin da ya faru, ya faɗe shi tare da zafinsa, alamar ciwo ta gushe.

Ba a daɗe ba Freud ya ga abin bai tsaya nan ba. Wata budurwa da ya saka wa suna Dora a rubutunsa ta yanke jinya a ƙarshen 1900 bayan mako 11 kacal. Da ya buga labarin a 1905 ya bayyana cewa bai lura da wuri ba cewa tana kallonsa da idon da take kallon manyan mazan da suka ɓata mata rai. Daga nan batun ɗora wa likita tsohon hali, watau majinyaci ya riƙa ɗaukar likita tamkar uba ko uwa ko wani na da can, ya zama ginshiƙin tonon zuci. A 1914 kuma ya ƙara da cewa faɗa wa mutum gaskiya sau ɗaya ba ya wadatarwa, sai an yi ta bitar abin ta fuskoki dabam-dabam.

Duk da waɗannan gyare-gyare, ƙashin bayan hoton bai canza ba. Akwai sanadi a can baya, akwai alama a yanzu, kuma akwai likita a gefe guda wanda ke yin fashin baƙi har majinyaci ya farga. Fashin baƙi ya haifi farga, farga ta haifi sauƙi. Miƙaƙƙen layi ke nan. A 1934 James Strachey, wanda daga baya ya jagoranci fassara ayyukan Freud zuwa Ingilishi, ya tsara wannan ra'ayi filla-filla. A ganinsa fashin baƙin da ke canza mutum shi ne wanda ya shafi abin da yake ɗora wa likita a daidai wannan lokaci, kuma ana ba da shi ne kaɗan-kaɗan kamar awon magani. Taron masu tonon zuci na duniya da aka yi a Marienbad a 1936 ya keɓe zama na musamman ga wannan tambaya ta abin da ke warkarwa, kuma Strachey na cikin masu jawabi.

3.0 Masu Ja da Wannan Hoto

Tun Freud na da rai aka sami masu cewa akwai sauran rina a kaba. A 1924 Sándor Ferenczi na ƙasar Hangare da Otto Rank sun wallafa ɗan littafi suna kukan cewa tonon zuci ya koma darasi, majinyaci ya san sunan ciwonsa da asalinsa amma yana nan yadda yake. Suka ce abin da mutum ya ɗanɗana a ɗakin jinya ya fi abin da aka bayyana masa tasiri. A 1946 Franz Alexander da Thomas French na Shikago suka ɗauki wannan zare, suka ce mutum na warkewa ne idan ya zo da tsohon halinsa yana jiran tsohuwar amsa, sai ya tarar da wata dabam. Wanda ya saba da uba mai tsawa ya yi laifi, ya duƙa yana jiran tsawa, sai ba ta zo ba. Manyan masu tonon zuci na Amurka sun yi musu ca, suna cewa wannan lallashi ne kurum. Amma a 1960 Hans Loewald ya sake buɗe maganar cikin lafazi mai taushi, ya kwatanta likita da mahaifi wanda ke hango abin da yaro zai iya zama, har yaron ya girma zuwa ga wannan hange.

Hujja mai nauyi ta fito daga asibitin Menninger, wanda a wancan lokaci yake Topeka a jihar Kansas. A 1954 aka fara bin majinyata 42, wasu ana yi musu cikakken tonon zuci, wasu kuwa jinya mai sauƙi wadda ta fi dogara ga tallafi da ƙarfafa gwiwa. Da Robert Wallerstein ya tattara sakamakon a 1986, sai ya ga canjin da tallafi ya kawo sau da yawa ya yi zurfi ya kuma ɗore kamar wanda farga ta kawo, kana ko a cikin cikakken tonon zucin ma tallafi ya yi aiki fiye da yadda aka zata. Ashe miƙaƙƙen layin nan ba ya ɗauke da dukkan labarin. Sai dai masu ja ba su da wani hoto na kimiyya da za su kafa a madadinsa. Sun san dangantaka na aiki, amma ba su da harshen bayyana yadda take yi.

4.0 Asalin Ra'in Tsari Mai Motsi

A nan ya kamata mu bar ɗakin jinya na ɗan lokaci mu leƙa fagen lissafi da kimiyya, domin can ne harshen da ake nema ya tsiro. Abin da ake nufi da tsari mai motsi shi ne tarin abubuwa da ke shafar juna, kuma halinsu na yanzu shi ke haifar da halinsu na gaba. Wajen 1890 Henri Poincaré na Faransa, yana nazarin yadda duniyoyi uku ke jan juna a sararin sama, ya gano cewa ko da an san ƙa'idar motsi sarai, ɗan bambanci a mafari na iya kai wa ga babban bambanci a ƙarshe. Edward Lorenz, masanin yanayi a Amurka, ya ci karo da wannan a 1961 lokacin da ya sa wa kwamfuta 0.506 a maimakon 0.506127, sai hasashen yanayin ya bi wata hanya dabam ƙwarai. Ya buga bayaninsa a 1963.

A ɗaya gefen, Ludwig von Bertalanffy ya dage cewa abu mai rai buɗaɗɗen tsari ne, kullum yana musayar abinci da iska da zafi da abin da ke kewaye da shi, saboda haka ba a auna shi da ma'aunin tukunyar da aka toshe. Ilya Prigogine na Beljiyam, wanda ya sami kyautar Nobel ta kemistiri a 1977, ya nuna cewa irin wannan tsari na iya shirya kansa ba tare da wani mai shiryawa ba. Misalin da aka fi bayarwa shi ne gwajin Henri Bénard na 1900: a zuba ruwa-ruwa kaɗan a faranti a riƙa ɗumama shi daga ƙasa. Da farko ba a ganin kome. Da zafin ya kai wani mizani, sai fuskar ruwan ta tsaga kanta gida-gida kamar saƙar zuma.

Akwai gwajin da kowa a wannan zaure zai iya yi da hannunsa. A miƙe manuniya biyu, a riƙa kaɗa su tare zuwa dama, tare zuwa hagu, ana ƙara sauri. Da saurin ya kai wani matsayi, yatsun za su juya da kansu su koma haɗuwa da rabuwa. Scott Kelso ne ya yi wannan bincike, kuma a 1985 shi da Hermann Haken na Jamus da Herbert Bunz suka fitar da lissafinsa. Abu biyu suka fito fili. Na farko, dab da juyawar sai motsin ya fara tangal-tangal. Na biyu, ko an rage saurin, yatsun ba sa komawa salon farko da kansu.

Daga waɗannan bincike aka sami kalmomi uku da za mu buƙata. Akwai makwanci, watau halin da tsari ke yawan gangarawa ya zauna a ciki, kamar yadda dutse ke gangarawa kwari. Akwai tangal-tangal, watau rawar da tsari ke yi idan makwancinsa ya fara cikewa. Akwai kuma juyi, watau tsallakawa zuwa sabon makwanci, wanda kan zo farat ɗaya bayan dogon shiru.

5.0 Gadar da Jarirai Suka Gina

Abin mamaki, masu nazarin jarirai ne suka shigo da wannan ra'i ɗakin tonon zuci. An daɗe da sanin cewa jariri sabon haihuwa, idan aka tsai da shi, yakan ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, sannan wajen wata biyu abin ya ɓace. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne shi. A 1984 Esther Thelen da abokan aikinta suka tsoma irin waɗannan jarirai a ruwa zuwa ƙirji, sai takun ya dawo. Ashe ƙafa ce ta yi ƙiba fiye da ƙarfin tsoka. Ke nan hali na fitowa ne daga haɗuwar ƙwaƙwalwa da jiki da muhalli, babu wani shugaba guda da ke ba da umurni. Littafin da ta rubuta da Linda Smith a 1994 ya zama madogara ga masu wannan ra'ayi.

A Boston kuwa Louis Sander ya share shekaru tun daga 1950 da wani abu yana lura da yadda uwa da jariri ke daidaita barci da farkawa da shan nono a tsakaninsu, har ya kai ga cewa su biyun tsari guda ne. Edward Tronick ya buga gwajinsa na daskararriyar fuska a 1978: uwa na wasa da ɗanta, sai a ce ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, nan da nan yaron ya shiga neman jawo ta, in ya kasa ya kau da kai ya dagule. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ko a tsakanin uwa da ɗa masu lafiya, daidaituwar ba ta wuce kamar kashi 30 cikin 100 na lokaci ba. Sauran duk saɓani ne da gyara. Daniel Stern ya tattara irin wannan ilmi a littafinsa na 1985, ya nuna cewa tun kafin yaro ya iya magana ya riga ya san yadda ake zama da mutane.

Wannan sani na daban ne da sanin da ake faɗa da baki. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun riga sun raba su tun daga labarin Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 ya daina riƙe sabon abu a ka. Brenda Milner ta koya masa zane ta cikin madubi, hannunsa na ƙara gwaninta kullum alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba. Idan kuwa yadda mutum ke zama da mutane irin wannan sani ne na hannu, to ba dole ne bayani da baki ya isa ya canza shi ba.

6.0 Ƙungiyar Boston da Abin da Ya Biyo Baya

Tun 1978 Robert Galatzer-Levy na Shikago ya fara gwada lissafin juyi a kan tonon zuci, yana tambayar yadda ƙari kaɗan-kaɗan ke haifar da canjin kama gaba ɗaya. Amma maganar ba ta bazu ba sai a 1998, lokacin da mutum takwas, cikinsu har da Stern da Sander da Tronick da Karlen Lyons-Ruth, suka buga wata maƙala a mujallar tonon zuci ta duniya a kan abin da ke warkarwa bayan fashin baƙi. Su ne aka sani da ƙungiyar Boston mai nazarin canji, kuma a 2010 suka tara ayyukansu a littafi guda.

Ga yadda suka kwatanta jinya. Yawancin lokaci likita da majinyaci na tafiya ne a hankali, suna laluben juna, suna kuskure suna gyarawa, kamar uwa da jariri. Wannan tafiya na da makwancinta. Can sai wani lokaci ya taso wanda ba a shirya masa ba. A ɗauka majinyacin da ya shekara biyu yana magana cikin ladabi ya tsaya cak ya ce wa likita, “In ka gan ni a hanya, za ka gaishe ni kuwa?” A nan tsarin ya shiga tangal-tangal. Idan likita ya fake da sana'a ya mayar da tambayar, ƙila a koma tsohon makwanci. Idan kuwa ya amsa da wani abu na gaskiya wanda ya dace da wannan mutum a wannan lokaci, to sun haɗu, kuma abin da kowannensu ya sani game da zama da ɗayan ya canza, ko da ba a sake tayar da maganar ba. Ƙungiyar ba ta ce a yar da fashin baƙi ba. Cewa ta yi hanyoyin canji biyu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wannan hoto likita ya tashi daga matsayin mai kallo daga gefe ya zama ɓangaren tsarin. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma a wannan ra'i hali kwari ne mai zurfi wanda aka daɗe ana gangarawa cikinsa, kuma kwari na iya cikewa.

7.0 Me Awo Ya Nuna?

A 1986 Kenneth Howard da abokansa suka haɗa bayanan majinyata fiye da 2,000, suka ga kamar rabinsu sun sami sauƙi bayan zama 8, kashi uku cikin huɗu kuma bayan zama 26. Zanen da ya fito lanƙwasa ce mai santsi. Sai dai wannan matsakaicin jama'a ne. Da Tony Tang da Robert DeRubeis suka duba mutum ɗaya-ɗaya a 1999, cikin masu ciwon baƙin ciki da ake yi wa jinyar gyaran tunani, sai suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 sun sami babban sauƙi ne farat ɗaya tsakanin zama da zama. A 2002 Tang da Lester Luborsky suka sami irin wannan tsalle a jinya mai tushe a tonon zuci, ko da yake a can amfaninsa bai ɗore kamar na farkon ba.

Günter Schiepek, wanda ya yi aiki da Haken, ya ƙirƙiro hanyar da majinyaci zai riƙa cika 'yar takardar tambayoyi kowace rana domin a ga motsin zuciyarsa a jere. Da irin wannan bayani na mutum fiye da 300, Merlijn Olthof na ƙasar Holan da abokansa suka nuna a 2020 cewa ƙaruwar tangal-tangal na yawan gabatar babban canji da 'yan kwanaki. Amma a lura: canjin na iya zama na sauƙi, yana kuma iya zama na taɓarɓarewa.

8.0 Kammalawa

An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma wannan ya hau kan hotunan biyu. Tururin Freud ba a taɓa auna shi ba. Haka nan yawancin abin da masu tonon zuci suka rubuta da sunan tsari mai motsi kwatance ne, babu lissafin Poincaré ko na Haken a cikinsa. Mai kaɗa yatsu ya san abin da yake ƙarawa, watau sauri, amma har yanzu ba a daidaita a kan abin da ke matsayin sauri a ɗakin jinya ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: ra'in da ke cewa ba a iya hasashen canji na iya zama mafakar likitan da aikinsa ba ya ci, duk rikicin da ya taso ya ce alamar juyi ce, alhali majinyaci na nutsewa.

Duk da haka tarihin da muka bi ya bar mana riba bayyananniya. Ya nuna cewa sauƙi ba ya zuwa daidai da awon magani, cewa dogon shiru ba lalle ne ya zama ɓata lokaci ba, kuma cewa kuskure da gyara tsakanin mutum biyu na cikin aikin kansa. Ya kuma ɗora wa likita nauyi sabo. Tun da tangal-tangal ƙofa ce mai buɗewa ta fuska biyu, lokacin da al'amari ya rikice shi ne lokacin da ya fi kamata a matso kusa, a ƙara lura, a riƙa auna halin majinyaci a kai a kai maimakon dogara ga zato. Mu da ke koyar da ilmin halayyar ɗan'adam a kwalejojin horon malamai, muna kuma yaye masu ba ɗalibai shawara, ya kamata mu riƙa gabatar da waɗannan ra'ayoyi tare da tarihinsu, domin ɗalibi ya san daga ina aka aro kowane hoto, da abin da ya haska, da kuma inda ya gaza. Ina fata mahalarta wannan taro za su ɗora daga inda na tsaya, musamman a kan tambayar da ta rage a buɗe, watau yadda za a rarrabe tangal-tangal mai kai wa ga sauƙi da wanda ke kai wa ga faɗuwa tun kafin juyin ya auku.